Alfred Büchi: injiniyan da ya mayar da hayaƙin inji ƙarfi

Duk wanda ya taɓa zama a gaban tirela maƙare da kaya a hanyar Kwatano zuwa Yamai, ko ta Duwala zuwa Njamena, ya san wani siririn fito da ke tashi daga inji idan mota ta kama hawa. Direbobi da makanikai sun san cewa turbo ce ta buɗe. Amma idan aka tsayar da wannan mota a garaji, aka cire giya, aka taka totur, injin zai yi ta ruri, allurar da ke nuna matsin iskar turbo kuwa da ƙyar za ta motsa. Sau da yawa a nan ne gardama ke tashi tsakanin mai mota da makanike, wani ya ce turbo ta mutu, wani ya ce lafiyarta ƙalau.

Amsar wannan gardama tana cikin tarihin mutumin da ya ƙirƙiro na'urar, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi. Ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1905, amma sai da ya jira kusan shekara 20 kafin ya ga ta yi aiki yadda yake so, kuma ya rasu ba a fara sayar da ƙananan motoci masu turbo ba. Babban dalilin wannan jinkiri shi ne abin da direba ke gani a yau: turbo ba ta da ƙarfin kanta, abin da nauyin aikin inji ya ba ta shi take mayarwa.

Ɗan garin injuna

An haifi Alfred Büchi ranar 11 ga Yuli, 1879, a Winterthur, wani gari na masana'antu da ke arewa maso gabas da Zurich. Garin ya yi suna ne da kamfanin Sulzer, wanda aka kafa a 1834, mai ƙera tukwanen tururi da manyan injuna. Mahaifinsa, Johann Büchi, babban ma'aikaci ne a wannan kamfani, saboda haka yaron ya tashi ne cikin ƙarar ƙarfe da hirar injuna. A shekarar da aka haife shi ma, wani matashi mai suna Rudolf Diesel ya yi zaman koyon aiki a Sulzer. Wannan matashi shi ne daga baya ya ƙera injin da ke ɗauke da sunansa, wanda ya fara aiki sosai a 1897.

Daga 1899 zuwa 1903 Büchi ya karanci aikin injiniya a babbar makarantar fasaha ta tarayya da ke Zurich, wadda yanzu ake kira ETH. A lokacin Farfesa Aurel Stodola ne ke koyarwa a can, mutumin da duniya ta sani a fannin injuna masu juyawa da ƙarfin tururi. Ke nan Büchi ya fito daga makaranta da ilimi iri biyu a kansa: na injin fistin da ya gani a garinsu, da na farfela mai juyawa da ya koya a aji. Bayan kammala karatu ya yi 'yan shekaru yana aiki a Beljiyam da Ingila.

Abin da ya dame shi a lokacin shi ne asara. Injin Diesel na farko yana mayar da kashi 26 cikin 100 ne kawai na ƙarfin mai zuwa aiki, kuma a wancan zamani hakan ma abin yabo ne. Sauran yana tafiya ne a zafi. Ko a injunan yau, kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da ke cikin mai yana ficewa ne ta salansa. Hayaƙin da ke fita yana da zafi, yana da matsi, yana da gudu, amma ba ya amfanar kowa.

Takardar 1905

Inji ba ya ƙona mai sai da iska. Injin fetur yana bukatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai, injin dizal, wanda a Nijar ake ce wa gazuwal, yana bukatar fiye da haka. Zuba mai ba shi da wuya. Wahalar ita ce iska, domin silinda ba ta zuƙar fiye da cikinta. Idan aka ƙara mai ba a ƙara iska ba, baƙin hayaƙi za a samu maimakon ƙarfi.

Dabarar Büchi ita ce a haɗa matsalolin biyu su warware juna. A sa farfela a hanyar hayaƙi, hayaƙin ya juya ta. Wannan farfela ta juya wata ta biyu da ke kan sanda ɗaya da ita, ta biyun kuma ta danna iska cikin silinda da matsi. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru, ba tare da an ƙara girman inji ba. Ofishin rajistar fasaha na Jamus ya ba shi takarda mai lamba 204630, mai ɗauke da kwanan watan Nuwamba na 1905. Shekarunsa 26 a lokacin.

A wancan zane na farko, farfelolin biyu da injin kansa duk suna kan sanda guda. Daga baya ne aka raba su, aka bar turbo tana juyawa ita kaɗai, ba bel, ba giya, babu abin da ya haɗa ta da inji sai bututun hayaƙi da na iska. Wannan 'yanci shi ne amfaninta, kuma shi ne tushen halinta. Tunda ba a ɗaure take da juyawar inji ba, gudunta ya dogara ne ga yawan hayaƙin da ya iso gare ta da zafinsa. Yawan hayaƙi da zafinsa kuwa sun dogara ne ga yawan man da ake ƙonawa, wato ga nauyin aikin da ke kan inji.

Shekarun gwaji

A 1909 Büchi ya koma gida ya shiga Sulzer, a sashen binciken injunan dizal. A 1911 aka kafa wurin gwajin sabuwar dabarar, zuwa 1915 kuma an ƙera samfurin farko. Sakamakon bai gamsar ba. Farfelolin wancan zamani suna ɓarnar ƙarfi da yawa: wadda ke shan hayaƙi ba ta kwashe isasshe, wadda ke tura iska kuma tana zafafa iskar fiye da yadda take danna ta. Idan aka haɗa asarar biyu, abin da ya rage bai isa ya riƙe matsi ba. Ga kuma matsalar ƙarfe, domin ba a riga an sami wanda zai daɗe yana jure zafin hayaƙi yana kuma juyawa da irin wannan gudu ba. Kamfanin bai ci gaba da zuba kuɗi a kai ba.

A daidai wannan lokaci Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa wasu suka bi hanyar don wata bukata daban. Jirgin sama yana rasa ƙarfi idan ya yi sama, saboda iska na raguwa. A tsayin mita 5,500 matsin iska kusan rabin na bakin teku ne. A Faransa, injiniya Auguste Rateau ya gwada turbo a injunan jiragen yaƙi na Renault. A Amurka, Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgi kan dutsen Pikes Peak a 1918, tsayin kusan mita 4,300, ya nuna cewa turbo na iya mayar wa inji ƙarfin da tsayi ya ƙwace masa. Büchi dai bai bar injin dizal ba. A nan yake ganin makomar dabarar tasa.

Nasara ta zo ta ruwa

A 1923 gwamnatin Jamus ta ba da aikin ƙera jiragen ruwa biyu na fasinja, Preussen da Hansestadt Danzig, waɗanda za su riƙa zirga-zirga a tekun Baltik zuwa Gabashin Furusiya. An ƙera su a Stettin, garin da yanzu yake cikin Polan da sunan Szczecin, suka shiga ruwa a 1926. Kowannensu yana da injunan dizal biyu masu silinda 10, ƙirar kamfanin MAN, aka kuma sa masu turbo bisa tsarin Büchi. Ƙarfin kowane inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500, ƙarin da ya haura kashi 40 cikin 100.

Akwai dalilin da ya sa jirgin ruwa ya riga kowa. Injin jirgi yana aiki ne da nauyi iri ɗaya na sa'o'i masu yawa. Da zarar an bar tashar ruwa, ruwa na riƙe farfelar jirgi da ƙarfi guda, mai na ƙonewa da yawa ba yankewa, hayaƙi mai zafi na kwarara ba tsayawa. Wannan shi ne yanayin da turbo ta fi so. Babu danja, babu cunkoso, babu sauya giya.

A gida Suwizalan ma abubuwa sun fara motsi. A 1924 kamfanin Brown Boveri da ke Baden ya ƙera turbo ta manyan injuna, ya miƙa ta ga SLM, kamfanin ƙera kan jirgin ƙasa na Winterthur. A 1926 Büchi da waɗannan kamfanoni biyu suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai ɗauke da sunansa: shi ke da fasaha, Brown Boveri ke ƙera turbo, SLM ke gwaji a kan injuna. Daga nan aka fara sayar da lasisi ga masu ƙera injuna a ƙasashe daban-daban.

Dabarar bututu

Sai dai ba kowane inji ne ke aiki kamar na jirgin ruwa ba. Kan jirgin ƙasa yana tsayawa a tasha, ya tashi, ya hau tudu, ya gangara. Idan nauyi ya ragu, hayaƙi ya yi sanyi, turbo ta yi lakwas. A 1925 Büchi ya sake yin rajistar wata dabara, wadda masana da yawa ke ganin ita ce ta buɗe wa turbo ƙofa.

Hayaƙi ba ya fita daga inji kamar ruwan famfo. Duk lokacin da bawul ɗin wata silinda ya buɗe, hayaƙin na fita ne da tunkuɗa guda mai ƙarfi, sannan ya lafa. A tsohon tsari ana tara hayaƙin dukan silindoji a babban bututu ɗaya, inda tunkuɗar ke mutuwa, a sami matsi madaidaici amma mai rauni. Büchi ya ga cewa a nan ake zubar da ƙarfi. Sai ya yi amfani da siraran bututu gajeru, ya raba silindoji rukuni-rukuni yadda waɗanda ke fitar da hayaƙi kusa da juna ba za su haɗa bututu ba. Ta haka kowace tunkuɗa ke isa farfela da ƙarfinta.

Amfanin ya zo biyu. Na farko, turbo ta ci gaba da samun abin juyawa ko da inji ba ya kan cikakken nauyi, ta kuma fi saurin amsawa idan nauyi ya ƙaru. Na biyu, tsakanin tunkuɗa da tunkuɗa matsin bututun hayaƙi yana faɗuwa ƙasa da na iskar da ke shigowa, sai sabuwar iska ta ratsa silinda ta share ragowar hayaƙi, ta kuma sanyaya bawul da kan fistin. Turbo mai mashiga biyu da ake sa wa motocin zamani wannan tunani ne take bi.

A 1938 kamfanin Saurer na Suwizalan ya fitar da injin babbar mota mai turbo, karo na farko da dabarar ta hau titi. A wannan shekara makarantar da ya yi a Zurich ta ba Büchi digirin girmamawa na dakta. Daga 1939 zuwa 1947, wato tsawon Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa kaɗan, ya zauna a majalisar dokokin tarayyar ƙasarsa. Ya rasu a Winterthur ranar 27 ga Oktoba, 1959, yana da shekara 80. A lokacin turbo ta riga ta zama ruwan dare a jiragen ruwa, da kawunan jiragen ƙasa, da injunan wutar lantarki. Ƙaramar mota ce kaɗai ta rage.

Abin da ya sa mota ta zo ƙarshe

Babu injin da nauyinsa ke sauyawa kamar na ƙaramar mota. A cikin minti ɗaya direba na iya tsayawa, ya tashi, ya wuce wata mota, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki. Mota mai tafiya a miƙaƙƙen titi da gudu madaidaici tana amfani ne da ɗan kaɗan daga ƙarfin injinta. A injin fetur, totur na rufe hanyar iska a irin wannan tafiya, har matsin da ke bayan totur ya faɗi ƙasa da na iskar waje. Turbo na juyawa, amma ba ta danna komai.

Da zarar an kama hawa, ko an cika mota da kaya, ko an taka totur don wuce wata, sai lissafi ya sauya ko da juyawar inji ba ta ƙaru ba. Iska da mai sun ƙaru, hayaƙi ya yi yawa ya yi zafi, farfela ta ƙara gudu, ta danno ƙarin iska, wadda ke ba da damar ƙona ƙarin mai, wanda ke ƙara hayaƙi. Kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Shi ya sa inji mai juyi 2,500 a minti a gangara da inji mai juyi 2,500 a hawa ba matsi ɗaya suke nunawa ba. Shi ya sa kuma taka totur a garaji ba ya nuna lafiyar turbo: ba tare da nauyi ba, ɗan mai kaɗan ya isa ya kai inji ƙarshen juyinsa, hayaƙin da zai fito kuwa bai taka kara ya karya ba.

Wannan hali ya haifar da matsaloli biyu. Ɗaya ita ce jinkiri. Turbo ta ƙaramar mota tana juyi sama da 150,000 a minti, kuma kafin ta kai can daga hutu sai ta ɗauki ɗan lokaci, direba ya taka ya jira. Ɗayar ita ce wuce gona da iri: tunda hayaƙi da iska na ƙara wa juna, matsi na iya hawa har ya lalata inji. Maganin da aka samu shi ne a sa ƙaramar turbo mai saurin tashi, a kuma yi mata wata ƙofa da ke buɗewa idan matsi ya kai iyaka, ta karkatar da wani ɓangare na hayaƙi kai tsaye zuwa salansa. Aka kuma ƙara lagireton iska tsakanin turbo da inji, domin iskar da aka danna tana zafi, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi.

Motocin farko sun fito ne a Amurka a 1962, shekara uku bayan rasuwar Büchi: Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder. Ba su daɗe a kasuwa ba. Jetfire tana bukatar a riƙa zuba mata wani haɗin ruwa da sinadarin metanol don hana inji ƙwanƙwasa, masu ita kuma sukan bari ya ƙare. Sai daga 1973 aka dawo kan batun da gaske. BMW ta fitar da 2002 Turbo a 1973, Porsche ta biyo da 911 Turbo a 1975, Saab da 99 Turbo a 1978. Renault ta shiga tseren Formula 1 da turbo a 1977, motar ta yi ta lalacewa ana yi mata dariya, har Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa da ita a Dijon a 1979. A ɓangaren dizal, wanda shi ne fagen Büchi na asali, Mercedes 300 SD ta fito a 1978, Peugeot 604 ta biyo baya a 1979.

Gadonsa a titunan Sahel

A yau kusan duk tirela, da manyan bas, da janareto babba, da mafi yawan motocin dizal masu ratsa yashi suna ɗauke da turbo. Abin da Büchi ya yi fama da shi a wurin gwaji shi ne makanikai ke fama da shi a garaji, kuma sanin yadda nauyi ke juya turbo yana rage asarar kuɗi.

Gwajin turbo na gaskiya a kan titi ake yin sa, mota cikin giya, a hawa ko da kaya. Kafin a yanke hukuncin cewa ta mutu, akwai abubuwa masu araha da ke hana ta matsi: tiyon iska da ya tsage, bututun hayaƙi mai yoyo kafin ya kai farfela, ƙofar rage hayaƙi da ta maƙale a buɗe, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Baƙin hayaƙi mai yawa daga injin dizal alama ce ta cewa mai ya fi iska. Cire matatar iska don mota ta sami numfashi kuwa, kamar yadda wasu ke yi, yana tura yashi ne kai tsaye kan farfela mai juyi dubbai a daƙiƙa, ya cinye bakinta.

Lodin da ya wuce ƙima ma yana da nasa farashi. Motar da ta daɗe tana hawa da kaya fiye da ƙarfinta tana riƙe hayaƙinta a mafi zafinsa na dogon lokaci. Sandar turbo tana yawo ne a kan siririn baƙin mai, wanda shi ke shafe ta, shi ke kuma kwashe zafinta. Idan aka kashe inji nan take bayan irin wannan aiki, mai ya daina zagayawa alhali ƙarfe na da zafi, ragowar man ya ƙone ya daskare a hanyarsa. Barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe shi, da sauya baƙin mai a kan lokaci, su ne ke sa turbo ta kai shekarun injin da take kai.